Furen da Gara Ta Rage

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da aka fara buɗe wa matan aure ajin koyon ɗinki a cikin gidaje. Sunanta Yelwa. Ba ta da dukiya, ba ta da dogon karatu, in ta shiga gidan biki ma ba mai tashi ya ba ta tabarma. Ku saurara, 'yan'uwana mata. Ke mai goyo, gyara wa yaron nan wuya tukuna.

Suna da ƙuruciya, ita da sa'o'inta suka shiga ajin Malama Tabawa, inda ake koyon ɗinkin zanin gado na hannu. Malama ta zana miki furanni ko ɗawisu a kan farin alawayyo, ke kuma ki bi zanen da allura da zare mai launi. Ana cikin haka, wata ta kai rabi, wata ta kusa gamawa, sanƙarau ya shigo garin da bazara. Ajin ya watse. Wasu suka rasu, wasu suka yi ta jinya, waɗanda suka tsira kuma haihuwa da hidimar gida suka sha kansu. Malama ta tattara ɗinkunan, kowanne da allurarsa a soke, ta zuba a adudu ta ce sai an dawo. Ba a dawo ba.

Shekaru suka tura. Da Malama ta rasu, magadanta suka ga adudun a bayan gado, suka aika wa Yelwa da shi, don ita ce ba ta daina gaishe ta ba. A lokacin idon Yelwa ya fara hazo. Likitan ido ya riga ya gaya mata ƙarara: "Baba, abin da ya rage miki kaɗan ne. In kika lallaɓa shi zai kai ki wani lokaci. In kika sa shi aikin allura, to kin sallame shi."

Yelwa ta bi gida-gida tana mayar wa kowa ɗinkinta. Wata ta yi dariya ta ce, "Au, wannan abin yana nan?" Wata ta karɓa ta yi tsumman goge tukunya da shi.

Rannan sai ga sallamar wata budurwa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ni ce Lantana, 'yar marigayiya Azumi. An ce kayan ajinku suna wurinki. An sa bikina bayan kaka. Ina nono ta rasu, ban san fuskarta ba, kayanta kuma an raba tun ban yi wayo ba. Ko akwai abin da hannunta ya taɓa a ciki?"

Yelwa ta ce, "Je ki dawo jibi, 'yar nan, in duba."

Da hantsi ta fito da adudun tsakar gida inda haske yake, ita da ƙawarta Kande, wadda su biyun suka rage a unguwar daga 'yan ajin. Na Azumi shi ne can ƙasa. Da suka ɗago shi sai ya zube a hannunsu kamar dusa. Gara ta cinye shi. Abin da ya tsira fure ɗaya ne ja, bai fi tafin hannu ba, da tabon tsatsa a gefe inda allura ta kwana.

Na Yelwa kuwa yana sama, lafiya lau, saura ɗan baki kawai a ƙarasa.

Kande ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "To ai Allah ya kawo sauƙi. Ki ba yarinyar naki ki ce na uwarta ne."

"Ba na uwarta ba ne."

"Ke dai Yelwa da taurin kai kamar jakin Buzu! Wa zai sani? Malama ta mutu, Azumi ta mutu, ni kuma bakina ƙanin ƙafata. Yarinya ta yi farin ciki, ke ki tsira da idonki. Ina laifi?"

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne jarrabawar take. Maganar Kande ba ta mugunta ba ce. Tausayi ne, kuma irin tausayin da kowaccenmu za ta iya yi. Yelwa ma ta ji ta a ranta. Ta ɗauki zanin nata ta shafa, ta tuna duhun da ke jiranta, ta tuna ba ta da mai ja mata sanda.

Can ta ce, "Kande, yarinyar nan za ta kwanta a kansa tana yi wa uwarta addu'a. Za ta nuna wa 'ya'yanta ta ce ga hannun kakarku. Ƙaryar da za a gada ke nan. Marainiya ba ta da wanda za ta tambaya, sai ni. In na cuce ta, wa zai gyara mata?"

Da Lantana ta dawo, Yelwa ta ɗora mata ƙyallen a tafin hannu ta ce, "Ga abin da ya rage, ba zan ɓoye miki ba. Amma nata ne, na rantse. Duba yadda zaren ya kwanta. Namu duka dama yake kallo, nata hagu. Uwarki bahaguwa ce. Malama ta yi faɗa har ta gaji, ita kuwa sai dariya."

Sai hawaye ya zubo wa yarinyar. Ta ce, "Inna, ni ma da hagu nake komai. Gwaggona ta sha dukan hannun nan, tana cewa ba ta san inda na kwaso shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Kande ta juya baya tana gyara ɗankwali.

Lantana ta ce a bar mata ƙyallen haka ya ishe ta. Yelwa ta ce, "A'a. In kika ƙulle shi a tsumma, garar da ta ci sauran za ta ƙarasa shi. Uwarki zanin gado ta yi niyya, tana ɗinki tana cewa na 'yarta ne. Niyyar ce ba ta cika ba, kuma na san zanen."

Ba wanda zai karɓi Yelwa a ɗinkin. Hannun Kande rawa yake, 'yan matan lokacin kuma keken ɗinki suka sani, ba su san wannan ɗinkin ba. Sai ta samo sabon alawayyo, ta dasa furen Azumi a tsakiya, ta shiga kewaye shi da nata. Ba ta kwaikwayi hannun marigayiya ba. Ta bar nata yana kallon dama, don duk wanda ya duba ya san inda uwa ta tsaya da inda wata ta ɗora.

Kullum da hantsi tana bakin ƙofa, zanin a cinya. Da farko ita ke zura zare. Daga baya sai Kande ta zura mata, tana mita: "Ni dai na zama baiwar makauniya tun ba ta makance ba." Ido ya yi ta ruwa, kai ya yi ta sara. Ja da ruwan goro suka zame mata ɗaya, sai ta tambaya. Gefen ƙarshe da lalube ta yi shi, yatsa na bin yatsa.

Ranar da aka kai amarya, Kande ce ta riƙo hannun Yelwa har ɗakin. Aka ɗora tafinta a kan gadon. Ta shafa, ta shafa, ta ce, "Kande, ya yi kyau?"

Kande ta duba, sannan ta ce, "Tsakiyar ta yi kyau. Gefen nan na ƙasa ya karkace, kuma kin sa kore a inda ya kamata ki sa shuɗi. Da zan ce miki lafiya lau ne, amma kin hana ni."

Yelwa ta yi murmushi ta ce, "Madalla."

Idon bai dawo ba, 'yan'uwa. Ba zan ce muku wani attajiri ya zo ya kai ta asibiti ba, don bai zo ba. A duhu ta ƙarasa kwanakinta, Lantana na aiko mata da tuwo, ladanta kuma yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

To ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Na farko, kada ki yi wa yaro ƙarya don ki sanyaya masa rai, balle maraya. Gaskiya ko guntuwa ce, tasa ce, kuma akwai abin da ke cikinta wanda ke ba ki sani ba. Na biyu, Azumi ba ta yi laifi ba, ajali ne ya yanke mata zare. Mu fa? Wace ce a cikinmu ba ta da hular da ta fara wa ɗanta tun yana rarrafe, ko rigar da ta yanka ta cusa a ƙasan akwati, ko karatun da ta ce za ta biya masa in ta huta? Hutun nan ba zai zo ba. Yau in kin koma, ki ciro shi, ki zare tsohuwar allurar kada yara su taka, ki zauna ki ƙarasa da idonki da hannunki, tun ba a bar wa wata ta biya da nata ba. Allah ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, ya raya mana zuri'a a gabanmu.