Kama Ni In Tashi

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ganuwa, yana da Sarkin Dogarai ana ce da shi Mantau. Ƙato ne, da tabon mashi a kafaɗa wanda ya samu wajen kare sarki, kuma ba ya bari a manta da tabon nan, ko ana sanyi sai ya san yadda ya zame riga. Shekara da shekaru in an kawo goro fada, shi sarki ke fara miƙa wa.

Ana nan sai wani tsohon masani, Malam Hambali, ya sauka a garin. Sarki ya ji labarin hikimarsa, ya kira shi suka zanta, daga ranar goron fari ya koma hannun tsoho. Mantau yana tsaye da sanda a bakin zaure, yana jiyo dariyar sarki daga ciki, kishi yana cin sa. Ba goron ne ya dame shi ba, haƙoransa ma sun fara gajiya da goro. Abin da ke ƙona masa rai shi ne, shi ya zubar da jini, wani ya zo da baki kawai ya gaje wurin.

Da abin ya ishe shi, sai ya nemi ya shafa wa sarki ciwon. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a kasuwa yanzu ba a cewa sarki ya ce, sai dai Malam ya ce. Jiya ma masu rigimar gona sun wuce ƙofar fada, suka kai ƙararsu zaurensa."

Rawani ba ya hana kishi shiga kai, nan take sarki ya ji tsohon ya tsaya masa a wuya. Ya ce, "Je ka kamo mini shi."

To, akwai doka a garin tun ta kakan sarki: dogari ba ya ɗaga sanda sai ga wanda ya ɗaga masa hannu ko makami, ko ya nemi ƙwacewa ya gudu, kuma da mutum ya sallama, sanda ta sauka. Mantau ya san dokar sarai, shi ke koya wa sababbin dogarai ita. Saboda haka duk hanya fata ɗaya yake yi, Allah ya sa tsohon nan ya yi gardama.

Ya tarar da shi zaune cikin maƙwabta, ya daka tsawa, "Kai tsoho, sarki ya ce a kamo ka!"

Malam Hambali ya miƙo hannu ya ce, "Madalla da sarki, ashe ya san gwiwata ta ƙi. Kama ni in tashi, ɗana."

Mutane suka yi dariya, dariyar ta shiga Mantau har ƙashi. Ya fizge shi ya tasa shi gaba. Da suka kai gindin wata tsamiya, tsoho ya dakata ya maida numfashi. Mantau ya ce, "Gardama ke nan!" Ya kai masa sanda a goshi, jini ya ɓata farin rawani.

Da suka isa fada sarki ya ga jinin, kishin ya gushe, kunya ta maye gurbinsa. Ya tambayi Mantau, Mantau ya ce ai ƙin tafiya ya yi. Sarki ya juya ya ce, "Malam, ka yi gardama?"

Malam ya ce, "Ya sarki, kamammu biyu ne suka taho daga gidana. Ɗaya ya bi wanda ya kama shi da ɗingishi, ɗayan ya bi nasa a guje."

Sarki ya ce, "Wane ne na biyun, kuma wa ya kama shi?"

Ya ce, "Na biyun ga shi nan riƙe da sanda. Wanda ya kama shi kuwa ba ya sa jar riga, ba ya neman iso in zai shiga fada."

Sarki ya gane kishi ake nufi, ya kuma gane ba Mantau kaɗai maganar ta taɓa ba. Mai mulki in ya ji kunya yakan nemi wanda zai huce a kai. Ya miƙe ya ce, "Ku kama Mantau, ku sauke masa sanda har sai na ce ya isa!"

Dogarai suka zagaye shi, mutanen da shi ya koya wa riƙon sanda. Mantau ya saki tasa ta faɗi, ya sauke hannu, tsoro ya kama shi sosai. Sai ga tsoho ya ɗingiso ya tsaya a gabansa.

Ya ce, "Ya sarki, gudu ya yi?"

Sarki ya ce, "Bai gudu ba."

"Ya ɗaga wa wani hannu?"

"Bai ɗaga ba, amma ya yi laifi!"

Malam ya ce, "Ya yi, ga shaida a goshina. Sai dai auna laifi na alƙali ne. Aikin dogari ya kai mutum gaban shari'a da ƙafafunsa. In ya doke shi don ya huce, ya yanke hukunci kafin a ji magana. Abin da aka yi mini ke nan a gindin tsamiya, shi kuma ake shirin yi a gabanka."

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sandar da ta fasa goshin nan daga bakina aka ɗauko ta. Ku sauke sanduna, su tafi gaban alƙali."

Gadon bayan Mantau ya tsira daga sanda, amma kada a ce zuciyarsa ta yi sanyi. Har a lokacin yana jin haushin tsohon ya sake burge sarki, kuma da shi aka yi kwalliyar. Suka nufi ƙofa. A bakin dokin ƙofar Malam Hambali ya tsaya, ya miƙo hannu ya ce, "Kama ni, ɗana, gidan alƙali da nisa."

Mantau ya dubi hannun, ya dubi jinin da ya bushe a rawani. Ya kama shi a hankali, suka fita suna tafiya da takun tsoho.

Sarki ya bi su da kallo, sannan ya ce wa sauran dogarai, "Ku riƙe wannan. Sanda ta wanda ya ɗaga hannu ce. Wanda ya miƙo hannu, hannu za a ba shi."