Kanwar Sarki

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya ana ce masa Gwadabe, mai karimci ne na ƙin ƙarawa. Duk macen da ta haihu a birninsa, sai jakunan fada su kai mata itacen wankan jego da kwandon kanwa, a dama mata kunu safe da yamma.

Ana nan sai masu jego suka shiga kumbura, numfashi ya gagare su, wasu zuciya ta tsaya, wasu ɓarin jiki ya shanye. Mutanen gari kuwa, da yake neman mai laifi ya fi neman dalili sauƙi, suka ce ungozoma Ladingo mayya ce. Ran da ƙafafun Ramlatu 'yar sarki suka tasa, kwana goma da haihuwarta, sarki ya kira Alƙali Hambali ya ce, "Na ba ka kwana uku, ka kawo mini mai kashe matan nan, in ba haka ba kan tsohuwar nan ne fansa."

Alƙali ya sami Ladingo a ɗaure, ya ce, "Iya, duk inda kika karɓi haihuwa an yi rashi?"

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ban da ƙetaren kogi, wajen masunta. Su ko kanwar sarki ba sa samu, jakuna ba sa haye ruwa."

Alƙali ya nufi bakin ruwa. Ya haye kogi ya bi gida-gida, ya tarar masu jego garau, kununsu salam ba kanwa, kowace tana kai-komonta. Ya dawo fada, yana sane faɗa wa sarki gaskiya taɓa wutsiyar zaki ne.

Ya dire kwandon kanwa a gaban karaga ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mai laifin. Jiki ya sha wahalar haihuwa, mu kuma muna ɗura masa kanwa da sunan gata, har zuciya ta gaza."

Sarki ya ce, "Innalillahi! Ashe da hannuna nake aika musu?" Sai ya tuna yanzu ake kai wa Ramlatu nata kunun. Ya zabura cikin gida ba takalmi, ya fizge ƙwaryar daga bakinta.

Da aka daina ba ta kanwa, Ramlatu ta warke. Sarki ya kwance Ladingo da hannunsa, ya nemi gafararta, ya shugabantar da ita kan ungozomomin ƙasa, ya yafa wa alƙali alkyabbarsa. Masu hikima suka ce, sarki adali kan binciki kyautarsa kamar yadda yake binciken takobinsa.