Awakin da Hamidu Ya Ɓoye a Bayan Tudu

Akwai wani dattijo a Garin Aduwa, cikin karkarar Falanko, sunansa Hamidu. Ba shi ne mai gari ba, amma ko mai gari ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsa. Dalili kuwa, ya taɓa yin gadi shekara shida a biron wani proje, wato ofishin wani shirin taimako, a Damagaram.

Gadi fa, a bakin ƙofa. Amma in ka ji shi yana bayani, sai ka rantse shi ya riƙa sa hannu a takardun.

Wata shekara bayan girbi, ma'aikatan wani proje suka tara wakilan garuruwa ashirin a Falanko. Jagoransu wani mutum ne mai sanyin magana, ana ce masa Almustafa. Ya ce sun zo da shirin bai wa mata awaki, kowace mace uku.

"Awakin da ke hannunmu na gari goma ne kawai," in ji shi. "Kuma gaskiya ba mu tabbatar ko shirin zai yi amfani a nan yankin Damargu ba. Don haka ƙuri'a za a yi. Gari goma su karɓa, goma su jira. Bayan shekara biyu mu kwatanta su. In an ga waɗanda suka karɓa sun fi samun sauƙi, sauran goman ma za a ba su."

Aka rubuta sunayen garuruwa, aka nannaɗe takardun aka zuba a ƙwarya. Wani tsoho makaho aka sa ya riƙa ɗebowa, don kada a ce an yi son kai.

Garin Aduwa ya fito. Rijiyar Kalgo bai fito ba, kuma can ne 'yar Hamidu, Zalika, take aure. Mijinta ya tafi Libiya neman kuɗi ya daɗe, ya bar ta da yara huɗu da gona mai rairayi. Hamidu yana son Zalika ƙwarai, ranar kuwa ya ji zafin ƙuri'ar nan har cikin ransa.

Zalika ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Ba komai, Baba. Shekara biyu ai kamar gobe ne."

Awaki suka zo, kuma suka yi albarka. Matar Hamidu, Mairama, nata uku suka zama goma sha ɗaya. Yara suna shan nono da safe. In bazara ta matsa, a sayar da ɗan bunsuru a auno hatsi. Haka abin yake a kusan kowane gida.

Da shekara biyun ta cika, aka aiko cewa masu tambayoyi za su zo ranar Talata. Nan Hamidu ya tara mutane a gindin bishiya, ya gyara zama.

"Ku saurare ni, ni na san mutanen nan," ya ce. "Proje ba ya taimakon wanda ya ƙoshi. Kuka ce awaki sun hayayyafa, shi ke nan an share sunanku. Ku ce sun mutu. In suka ji haka, wasu za su ƙaro mana."

Mairama ce kaɗai ta tanka, ita ma sai da suka koma gida.

"Malam, ba cewa aka yi in an ga amfani za a bai wa su Zalika ba?"

"Wannan zancen biro ne. Faɗa suke yi kawai don a watse lafiya. Ke kin taɓa zama a Damagaram?"

Ba ta taɓa ba.

Da abin ya tsaya a Garin Aduwa, da da sauƙi. Amma Hamidu ba ya iya riƙe dabara a cikinsa. Ranar kasuwa ya bi wakilan sauran garuruwan da suka karɓi awaki ɗaya bayan ɗaya, yana raɗa musu. Cikin goman, bakwai suka bi shawararsa.

Ranar Talata da sassafe aka kora awaki bayan wani tudun rairayi, arewa da gari. Mata suka tumɓuke turaku, suka share kashin awaki tas, suka kife ƙoren nono. Garin Aduwa bai taɓa yin tsafta irin ta ranar ba.

Almustafa ya iso da mutanensa, suka bi gida-gida suna tambaya suna rubutawa. A wannan gida ciwo ya kashe su. A wancan dila ya cinye. A gidan Hamidu, ana cikin magana sai wani ɗan akuya da aka manta a ɗaki ya yi kuka.

Almustafa ya ɗago kai.

"Na wani baƙo ne makiyayi," in ji Hamidu, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Baba, zan sake tambaya," in ji Almustafa. "Ka tuna fa. Abin da kuka faɗa shi za mu rubuta, kuma da shi za a yanke hukunci. Awakin sun mutu?"

"Saura ɗaya, ita ma mun yanka ta da layya."

Almustafa ya rubuta. Da motarsu ta tafi, aka koro awaki gida ana ta dariya, Hamidu kuwa bakinsa har kunne.

Wata uku suka wuce, babu mota babu labari. Hamidu ya ce a ƙara haƙuri, takardu ne ke tafiya.

Wata ranar Alhamis da hantsi yana zaune a tsakar gida, awakin Mairama suna cin dusa, sai ga sallamar Zalika. Tafiyar rabin yini ta yi a ƙasa, da goyo a bayanta. Ta shigo ta tsaya cak, tana kallon awakin ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, Zalika?" in ji Mairama.

"Jaje na zo yi muku, Inna. Jiya aka tara mu aka karanta mana sakamako. Sun ce a yawancin garuruwan da aka ba awaki duk sun mutu, babu wani bambanci tsakaninku da mu. Sun ce tunda ba ya amfani, an tsayar da shirin. Na ɗauka annoba ce ta faɗa muku."

Mairama ta dubi mijinta, ta juya ta shiga ɗaki. Kunya ta rufe Hamidu a gaban 'yarsa.

Washegari ya shiga motar kasuwa zuwa Tanut, ya nemi biron Almustafa. A tsaye ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce a zo a ƙidaya awakin a bakin rijiya, shi da kansa zai koro su.

Almustafa ya saurare shi har ya gama, bai ɗaga murya ba.

"Baba, sau biyu na tambaye ka. Rahoto ya riga ya tafi, masu ba da taimakon sun juya wani wajen. Zan rubuta abin da ka faɗa in aika, amma ba zan yi maka alkawarin komai ba. Mu ba mu zo auna wa ya fi talauci ba. Mun zo mu ga ko akuya tana amfani ne, ku kuwa kuka ce ba ta yi."

Hamidu ya dawo gida da yamma. Ya tarar Mairama ta ware awaki uku masu kyau ta ɗaure wa Zalika. Ya ce a ƙara ta huɗu, ko zai ɗan ji sauƙi a ransa.

Zalika ta durƙusa ta yi godiya. Ta kama igiyar, ta dubi mahaifinta.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Amma da wane ido zan shiga gari da su? Mu arba'in ne muka tara harawa a kan rumfa muna jira."

Hamidu ya sunkuyar da kai.

Darasi: In an zo tambayarka don a gane ko wani taimako yana amfani, ka faɗi gaskiya ko da kana ganin ƙarya ta fi riba. Amsarka ba taka ce kai kaɗai ba, akwai masu jira a bayanka, kuma mai yiwuwa naka na cikinsu. Wanda kuma ya ɗan zauna kusa da ofis kada ya ɗauka ya fi kowa sani. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman na garuruwan da masu tambayoyi ke shiga.