Tulun Gwauruwa a Gonar Gayya

Akwai wani mutum da ciwo ya kwantar da shi a lokacin girbi, dawarsa ta bushe a gona ba mai yanka. Sai 'yan'uwa na ikkilisiya suka kira gayya. Maza suka ɗauki lauje, aka ce mata su kawo abin sha.

A cikin matan akwai wata wadda mijinta ke da babban lambun lemo. Ta zaɓi masu zaƙi ta matse, ba ta sa ko ɗigon ruwa ba, ta zuba a wata 'yar buta mai kyau. Akwai kuma wata tsohuwa gwauruwa, itacen lemo ɗaya gare ta a tsakar gida. Ita ma ta matse nata, ta ga bai kai ko'ina ba, sai ta ƙara ruwa har tulu ya cika, ta ɗauko a ka tana nishi.

Da suka haɗu a gindin tsamiya a bakin gona, matar mai lambu ta ɗebi na tsohuwar a moɗa ta kurɓa. Ta yatsine fuska, ta ɗaga murya ta ce, “Mama, wannan lemo ne ko ruwan wanke lemo? Haka ake yi wa masu aikin Ubangiji rowa?”

Mata suka fashe da dariya. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta naɗa gammonta, ta ɗauki tulunta ta koma gida.

Rana ta take. Masu yanka suka fito inuwa, gumi na zuba. Butar nan ta zaga dattawa kaɗan, ta ƙare. Sauran suka tsaya da moɗa a hannu, rafi kuma da nisa. Mijin matar mai lambu, wanda shi ma bai samu ba, ya ce, “Ina tulun da na ga an kawo da safe?” Duk matan suka juya suna kallon matarsa.

Ta tashi ta nufi gidan tsohuwar. Da shigarta ta ga itacen lemon tsirara, ba ko ƙwaya ɗaya a kansa, ɓawo tuli a ƙasa. Tsohuwar na zaune kusa da tulun, idanunta sun yi ja.

“Mama, duka kika tsinke?”

“Duka, 'yata. Na ga mutanen da yawa. Na ce in na ƙara ruwa kowa zai jiƙa maƙogwaro.”

Matar ta tuna da lambunsu, reshe har yana taɓa ƙasa don nauyi, ita kuwa buta ɗaya ta kawo. Ta durƙusa za ta roƙi gafara. Tsohuwar ta miƙa mata gammo ta ce, “Yi sauri, suna jin ƙishi.”

Haka ta ɗauki tulun a ka, ta bi ta gaban matan da ta sa dariya, ba ta iya ɗaga ido ba. Mutane suka sha, suka koma aiki, aka gama girbin kafin la'asar.

Ma'anar wannan misali ita ce: mu kan auna kyautar ɗan'uwa da harshenmu, Allah kuwa yana duban zuciyar da ta bayar. A wurinmu ƙara ruwa a abin sha abin kunya ne, mu kan kira shi rowa. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa uwa ce mai 'ya'ya da yawa, ko matalauci da baƙi suka sauka masa, ba ya so wani ya tashi bai sha ba. Matar nan ta ba da mai kyau, amma kaɗan daga cikin yalwarta. Gwauruwar ta ba da dukan abin da take da shi, aka kuwa kunyata ta a gaban jama'a.

Ku yara, idan aka ba ku abin sha a gidan wani kuka ji ruwa ya yi yawa, ku karɓa da hannu biyu, ku ce mun gode. Ku manya kuma, idan akwai wanda kuka taɓa yi wa dariya saboda ƙanƙantar kyautarsa, kun san gidansa. Ku je yau.