Wa Ya Ci Shinkafar Nagina?

Akwai wani shugaban makaranta a ƙauyenmu na gindin dutse, can gefen garin Rajouri, ana ce masa Masta Zaman. Raina a ɓace nake rubuta labarinsa, don haka wanda ya ji zafi a maganata ya yi haƙuri, ba da shi nake ba.

Mu ƙabilar Bakarwal makiyaya ne, ba ma shekara wuri ɗaya. Afrilu na ƙarewa mu kora awaki da tumaki mu hau tsaunuka, sai sanyin Nuwamba ya koro mu ƙasa. 'Ya'yanmu rabin shekara suna makarantar ƙauye, rabi suna makarantar tanti a can sama, wurin malamin da yake bin mu da allo ɗaure a bayan doki.

Ƙa'idar wucewa aji a makarantar nan a rubuce take a bangon ofis. Yaro ya ci jarrabawa, kuma ya zo makaranta kwana saba'in da biyar cikin kowane ɗari. A ƙasa akwai layi ɗaya da ya ce kwanakin tanti ana haɗa su, in an kawo takardar malamin tanti. Wannan layin Masta Zaman yana ganinsa tar a shekarar da uban yaro ya sauko masa da ɗan akuya. Shekarar da ba a kawo ba, sai idonsa ya tsallake shi.

To akwai Nagina 'yar Lal Din, 'yar aji takwas, shekararta goma sha huɗu. Yarinyar nan kai gare ta. Har an ba ta gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata da ke cikin gari, sharaɗi ɗaya kawai: ta kai shaidar wucewa zuwa aji tara cikin kwana goma da faɗin sakamako, in ba haka ba a ba wa wata.

A shekarar kuwa tsawa ta faɗa wa garken Lal Din a kan hanyar saukowa, dabba arba'in da uku suka mutu nan take. Mutumin da ya sauko yana share hawaye, wane ɗan akuya zai kai wa wani?

Ranar faɗin sakamako, ƙarshen Maris, yara suka yi layi a tsakar makaranta, iyaye na gefe da ƙunshin alewa. Masta Zaman ya gyara tabarau ya karanta sunaye. Da ya zo kan Nagina bai ko ɗaga kai ba.

"Ta zo ta biyu a jarrabawa. Kwanakinta ba su cika ba. Za ta maimaita aji takwas."

Alewar da ke hannun Lal Din ba a kwance ta ba. Ya ja hannun 'yarsa suka bi Masta Zaman ofis. Dattijo mai furfura, sai da ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Wannan tuɓe takalmin har yau yana min ciwo.

"Masta-ji, a gafarce ni," in ji shi. "Ga takardar malamin tanti. Tun Nuwamba muka kawo, ka ce a riƙe sai ƙarshen shekara."

Masta Zaman ya karɓa da yatsu biyu, ya nisanta ta da hancinsa. Ruwa ya taɓa ta a hanya, gefenta ya yi baƙin hayaƙi.

"Kai Lal Din, wannan takarda ce, ko abin da akuya ta tauna ta tofar? Ina hatimi?"

"Masta-ji, malamin tanti ko tebur ba shi da shi. Ina zai samo hatimi?"

"To ni na hana shi? Doka ai ba ƙanwata ba ce da zan ce ta yi shiru."

"Nan da wata guda za mu sake hawa. In ta maimaita, baɗi ma kwanakin ba za su cika ba."

"Sai ta ƙara maimaitawa. Benci ba ya gajiya." Ya saki takardar ta faɗi ƙasa. "Ni ban ga abin tayar da hankali ba ma. Awakin naku suna tambayar shaidar aji tara ne kafin su yarda a tatse su?"

Nagina ta sunkuya ta ɗauki takardarta, ta shafe ƙurar da gefen gyalenta. Ba ta yi kuka ba sai da suka fito.

A bakin ƙofar makaranta Fazilat ta tare su, matar da take dafa wa yara shinkafar rana. Mijinta ya rasu, da wannan tukunyar take ciyar da 'ya'ya uku, kuma kalma ɗaya daga bakin Masta Zaman ta isa a kore ta. Ta waiga hagu da dama, hannunta duk toka.

"Lala, tsaya ka ji," ta ce da Lal Din, yadda muke kiran yaya. "Ni ban iya karatu ba, amma na iya ƙirga faranti. Wata shidan da kuke sama, faranti casa'in nake wankewa. Shinkafar da ake saukewa a nan kuwa ta mutum ɗari da arba'in ce. Duk ƙarshen wata yana sa ni dangwala yatsa a takardar sunayen waɗanda suka ci. Je ka wurin jami'ar ilimi, ka ce ta duba waɗannan takardun."

"Fazilat, kin san abin da kike ja wa kanki?"

"Na sani. Shekara bakwai ina dangwala yatsa a kan ƙarya, abincin ma ya daina min daɗi. Ɗazu da na ji ya ce yarinyar nan ta maimaita, saura kaɗan in kife masa tukunya a ka."

Kwana uku Lal Din yana zarya a cikin gari kafin ya samu ganin jami'ar, wata mata mai suna Madam Kanta. Ta saurare shi har ƙarshe. Rana ta takwas, saura kwana biyu gurbin Nagina ya tafi, sai ga motarta a ƙofar makaranta.

Ku zo ku ga Masta Zaman. Mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai da hanci, ga shi yana share kujera da hannun rigarsa, yana aika a kawo shayi. Madam Kanta ta ce a bar shayin, a kira mata Lal Din da 'yarsa da mai dafa abinci.

"Masta Sahib, me ya hana yarinyar nan wucewa?"

"Kwanaki, Madam. Daga Mayu zuwa Oktoba ƙafarta ba ta taka makarantar nan ba. Ni kuwa mutum ne mai bin doka."

"Ko kwana ɗaya?"

"Ko rabin kwana."

Ta buɗe jakarta ta fito da takardun sunayen waɗanda suka ci abinci, na wata shida, ta jera su a kan teburinsa.

"Wannan sa hannunka ne? Wannan hatiminka ne? To ga sunan Nagina a Mayu, ta ci abinci kullum. Ga ta a Yuni. Ga ta a Yuli, ko ciwon ciki ba ta yi ba. Tana kan tsauni, tafiyar kwana goma sha biyu daga nan. Wa ya ci shinkafarta?"

Gumi ya keto masa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Can sai ya yi wata dariya mai ban haushi.

"Af, Madam, yanzu na tuna. Ai tana nan. Wurin wata gwaggonta aka bar ta. Kuskuren rajista ne, kwanakinta sun cika har sun yi yawa. Bari in rubuta mata shaidar yanzu." Ya juyo ga yarinyar, murya kamar zuma. "Ko ba haka ba, 'yata? Ai kina nan."

Ku duba fa. Kai kawai za ta gyaɗa, shaidarta ta fito, gurbinta ya tabbata, shi kuma ya sha. Lal Din ya sunkuyar da kai. Fazilat ta damƙe gefen gyalenta.

"Ba na nan, Masta-ji," in ji Nagina. "Ina sama. Kwana ɗari da talatin da ɗaya na yi a tanti, wani lokaci ruwa na zuba a kan littafina. Ban ci shinkafar nan ba, ba kuma da ita zan shiga aji tara ba."

Ta miƙa wa Madam Kanta takardar nan mai baƙin hayaƙi. Matar ta karanta ta daga sama har ƙasa, ta tashi ta karanta layin ƙarshe na ƙa'idar da ke bango, da ƙarfi, sau biyu.

"A ina aka ce sai da hatimi?"

Ta fito da nata hatimin ta buga a kan takardar, sannan ta tura wa Masta Zaman biro ya rubuta shaidar wucewa. Yana gamawa ta ɗauke hatiminsa daga kan tebur ta jefa a jakarta, ta ce ya same ta a ofis da bayanin inda shinkafar yara hamsin ta shiga shekara bakwai. Bai ƙara zama a kujerar nan ba. Fazilat na nan kan tukunyarta, Nagina kuma ta kai shaidarta saura kwana ɗaya.

Kada ku ce in yi murna, ban gama jin haushi ba. Da aka buɗe tsofaffin rajista, yara goma sha tara aka samu waɗanda aka sa su maimaita aji a kan wannan layin da aka tsallake. Ɗaya daga cikinsu yayan Nagina ne, Mushtaq. Sau uku ya zauna aji bakwai, ya gaji da zama benci ɗaya da ƙannensa, ya bar karatu. Shi ne ya ɗauko mata akwati a ka har ƙofar makarantar kwanan. Ya tsaya ya karanta allon da ke saman ƙofar a hankali, harafi bayan harafi, sannan ya juya ya koma wurin awaki.

Darasi: Wanda aka ba amanar doka ya karanta ta har ƙarshe, kada ya ɗauki layin da zai danne talaka ya ɓoye wanda zai cece shi, domin shekara ɗaya da aka zalunci yaro a aji tana iya cinye masa rayuwa. Iyaye ku karanta ƙa'idar makarantar 'ya'yanku da idonku, ko ku sa a karanta muku. Ku tura wannan ga duk malami da duk uban da kuka sani.