Tabon Sarki Haisamu

A wani zamani da ya shuɗe, a birnin Zarƙa'u, aka wayi gari farin tabo ya bayyana a dantsen Sarki Haisamu. Fadawa suka shiga raɗa cewa kuturta ce, alhali a birnin kuturu ba ya zama kan karaga, sai dai a fitar da shi bayan ganuwa. Ɗansa tilo, Yarima Nu'umanu, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a yi mini izini in nemo haƙiƙar tabon nan."

Ya keta hamadar da ta kashe dokinsa da ƙishirwa, ya ci gaba a ƙasa, har ya riski birnin matsafa, inda boka Garzama ke shafa toka iri ɗaya ga mai ƙazuwa da mai makero da mai kirci, kowa yana ta susa har jini. Garzama ya ce, "Ya kai ɗan sarki, ka yi sujada ga tokata, ko in mayar da kai toka." Nu'umanu ya ce, "Na gaji da tafiya, amma ban gaji da gaskiya ba." Boka ya rikiɗa ya zama kumurci, suka yini suna ɗauki ba daɗi, kafin Yarima ya sare masa kai, ya zauna a ƙasa yana haki.

Daga nan ya gangara ƙasar aljanu, mai kogunan madara da itatuwan zumurrudu, amma idonsa bai tsaya kan ko ɗaya ba. Ya iske Gimbiya Rumaisa'u, 'yar sarkinsu, wadda ta shahara a ilimin ɗibbu, wato magani. Ta riƙe shi damina guda yana wanke gyambon marasa lafiya.

Ta ce, "Fata a hasken rana ake dubanta, kuma sai an tambayi mai ita. Ƙaiƙayin da ya gama gida ƙazuwa ce, a shafa wa kowa farar wuta da man kaɗanya, a tafasa tufafi. Tabon da ke yin gari in an kankare, kyasbi ne. Wanda aka taɓa da auduga mai shi bai ji ba, shi ne abin da kake tsoro."

Ta biyo shi gida da tulun wani mai daga ƙasarsu. A gaban fadawa Nu'umanu ya roƙi mahaifinsa ya rufe ido, ya goga auduga a kan tabon, ya sake gogawa.

Sarki ya ce, "Ɗana, me kake jira? Fara mana."

Sarki ya buɗe ido, ya dubi fuskar ɗansa, ya kwance rawani da hannunsa.

Aka naɗa Nu'umanu, aka ɗaura masa aure da Rumaisa'u. Ranar ya ce wa fadawa, "Wanda zai kai mahaifina bayan ganuwa, ya fara ɗaukata." Ba wanda ya motsa.

Shekara da shekaru yana shafa wa tsohon mai kowace safiya kafin zaman fada. Cutar ta tsaya, bayan ta ci yatsu biyu. Wata rana tsoho ya ce, "Hannun nan dai ba ya jin komai, amma ina ganin naka a kansa."