Birju Rawat da Takardar Komawa Gida

Masu ba da labari sun ce, da Nasara suka ci garin Madawaki Gwadabe, sai suka kai shi can bakin babban kogi suka ajiye. Shekara tara bai ga gida ba. Ran nan aka aiko masa ɗan saƙo da takarda cewa in ya faɗi inda mayaƙansa suka ɓuya, za a mai da shi gida.

Ya kira amininsa Malam Tanimu, ya ce, "Malam, na tsufa. So nake a binne ni kusa da mahaifina."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, haka Birju Rawat ya ce."

"Wane ne shi?"

Malam ya ce, "A Makka wani Ba'indiye ya ba ni labarinsa. Sarkin yaƙi ne a ƙasar Hindu. Shekara bakwai yana hana Nasara hawa dutsen garinsu, har albarushi ya ƙare, suka kama shi, suka kai shi wani tsibiri. Kullum yana bakin teku yana shaƙar iska, ko ya ji ƙanshin damunar ƙasarsu. Sai aka kawo masa takarda irin taka. Ya ɗauki alƙalami ke nan, tsohon maharbin igwarsa, Karam Din, ya riƙe masa hannu, ya ce, 'Maigida, saurari labarin wani mai fito tukuna.

"'Mai fiton nan abokan gaba suka kama, suka ce ya nuna musu mashigin kogi su sake shi. Kewar uwarsa ta sa ya nuna. Da ya komo, uwar ta ajiye masa abinci ta juya baya. Shekara talatin ya yi a garin, ba wanda ya ƙara kiran sunansa. Maigida, garin nan da kake kewa, mutanen nan ne da ake so ka tona.'

"Birju ya yi kuka, ya yaga takardar. A tsibirin ya mutu, mutanensa kuwa suka tsufa cikin jikokinsu. Ranka ya daɗe, kai ma naka suna raye."

Madawaki ya ce, "A gaya wa ɗan saƙo ba ni da amsa." Ya share ido da bakin rawani. "Malam, matso. Lissafa mini ƙofofin garinmu. Fara daga ta gabas, kada ka yi sauri."